Yadda na auna cutar tabon ganyen gyaɗa da ImageJ a Samaru

Duk wanda ya taɓa noma gyaɗa a ƙasar Zazzau ya san ɗige-ɗigen nan da ke fesowa a ganye idan damina ta yi nisa, wajen Agusta zuwa Satumba. Manoma da yawa suna ɗauka alamar nuna ce, musamman idan ganyen ya fara zuba. Cuta ce, kuma iri biyu ce: ta fari mai fara fitowa, da ta ƙarshe mai zuwa daga baya. Ta farin tana zuwa da tabo ruwan ƙasa, sau da yawa da zoben rawaya kewaye da shi. Ta ƙarshen tabonta ya fi duhu, kusan baƙi, kuma a bayan ganye ya fi fitowa sosai. Ƙwayoyin funfuna daban-daban ne ke kawo su, ta farin kuwa ita ce masana ke kira Cercospora arachidicola. Idan suka haɗu a gonar da ba a yi feshi ba, suna iya tafiya da rabin amfanin, ga kuma harawa da ta lalace, wadda a wurin mai tumaki da awaki ba ƙaramar asara ba ce.

Aikin digirina na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello a kan wannan yake: a gwada irin gyaɗa daban-daban, a ga wanne ya fi jure cutar. A Samaru wannan ba baƙon aiki ba ne. Tun 1922 ake binciken noma a wurin, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR ce ke fitar da irin gyaɗar da sunansu ke farawa da SAMNUT. Hanyar da aka saba auna cutar ita ce ma'aunin 1 zuwa 9 na ICRISAT, wata cibiyar binciken amfanin gona ta ƙasa da ƙasa: mutum ya tsaya a kan kunya, ya dubi shukar, ya ba ta lamba. Lamba 1 babu cuta, 9 kuwa ganye ya ƙare. Hanya ce mai sauri, kuma a hannun wanda ya daɗe yana yi tana da amfani ƙwarai. Sai dai ido yana da halinsa. An daɗe da sanin cewa idan tabo ƙanana ne masu yawa, mutum yakan ga cutar ta fi yadda take, kuma mutum biyu ba safai suke ba ganye ɗaya lamba ɗaya ba. Malamin da ke duba aikina ya ce yana son in haɗa biyun, in ba da lambar ido, in kuma auna faɗin tabon a hoto. "Je ka koyi ImageJ," in ji shi, "ka dawo mini da kashi nawa cikin ɗari, ba da 'da ɗan dama' ba."

ImageJ manhaja ce ta auna hoto, wadda Wayne Rasband ya rubuta a Cibiyoyin Binciken Lafiya na ƙasar Amurka, aka fitar da ita a 1997. Kyauta ce, ba lasisi ba kuɗin wata. Akwai wani zubinta mai suna Fiji da ya zo da ƙarin kayan aiki a haɗe, shi na sauke. Ba ya buƙatar a girka shi a kwamfuta. Ka buɗe foldarsa, ka danna, ya tashi, ko daga filasha ne. Wanda ya saba da manhajojin ƙawata hoto zai ga fuskarta kamar ba a gama ta ba, ɗan siririn layi ne kawai da maɓallai a jere. Amma ba don ƙawa aka yi ta ba. Ita hoto a wurinta tarin lambobi ne.

Kafin in kai ga manhajar, sai da na warware yadda ganyen zai zama hoto, kuma a nan ne rabin aikin yake. Na fara gwadawa da kyamarar waya a gona, na ajiye ganye a kan farar takarda. Da na buɗe hotunan a kwamfuta sai na ga takardar nan guda ta fito fara a wani hoton, ruwan toka a wani, a wani ma da ɗan shuɗi-shuɗi. Waya tana gyara haske da launi da kanta a kowane ɗauka, gajimare ya gifta ta sake lissafi. Ga inuwar hannu, ga karkatar wayar da ke sa gefen ganye na kusa ya fi na nesa girma. Don aika wa abokai hoto wannan ba komai ba ne, amma don awo ba zai yi ba. Sai na koma ga sikana, irin mai gilashi da murfi. Haskenta ɗaya ne kullum, tazarar ganye da idonta ba ta canzawa, murfin kuma yana danne ganyen ya miƙe.

Akwai wani shagon fotokwafi a Samaru, ba nisa da babbar ƙofar jami'a, da muka shirya da mai shi in riƙa zuwa da hantsi kafin ɗalibai su cika wurin. Ranar farko da na fito da ganye daga kula, ya dube ni ya ce, "Malam, ganye za mu yi wa sikanin?" Na ce, "Shi fa, maigida, kuma kada injin ya gyara masa komai." Muka shiga saitin muka kashe duk abin da ke gyara launi ko ƙara kaifin hoto da kansa. Muka sa ɗigo 300 a kowane inci, muka zaɓi a ajiye a matsayin TIFF maimakon JPEG ko PDF da ya saba yi wa takardu. Dalili kuwa, JPEG yana rage nauyin hoto ne ta hanyar zubar da wani ɓangare na bayanansa, kuma inda abin ya fi nunawa shi ne bakin abubuwa, wato daidai iyakar tabo da lafiyayyen ganye, wurin da nake son aunawa. TIFF ba ya zubar da komai, sai dai nauyi. Shafin A4 a wannan saitin yana da fiksel, wato ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto, 2480 a faɗi da 3508 a tsawo, kusan miliyan 8.7 ke nan, mai launi kuma yakan kai megabait 26. Saboda haka a filasha nake kwashewa. Manhajojin hira na waya suna matse hoto idan aka tura shi a matsayin hoto, don haka ban taɓa bari ko ɗaya ya bi ta nan ba.

Ganyen gyaɗa ’yan ganye huɗu ne a kan kara ɗaya, kuma ba ya jimirin jira. Da ya rabu da uwar sai ya fara naɗewa. Nakan tsinka bayan raɓa ta bushe, daga ƙasa da tsakiya da saman babban karan shukar da na ɗaura wa alama, in sa a leda da ɗan jiƙaƙƙen tishu, in jera a kula. Wani dattijo ma'aikacin gonar gwaji, wanda kowa ke kira Baba, shi ya nuna mini abin da ya tsare ni daga babbar matsala. Ya ɗauki ganyen ƙasa ya murza da yatsa, wani abu ruwan ƙasa ya goge. Ya ce, "Ɗana, wannan ba cuta ba ce, ruwan sama ne ya fantsamo ƙasa. Injinka zai bambance?" Ba zai bambance ba. Jar ƙasar nan tamu launinta ɗaya da tabon farin a idon kwamfuta. Daga ranar kowane ganye sai na goge shi a hankali da jiƙaƙƙiyar auduga kafin ya hau gilashi, gilashin ma ana goge shi bayan kowane zubi.

A kan gilashin nakan raba ’yan ganyen huɗu don kada su hau juna, in cire karan, in ajiye rula a gefe, da ’yar takarda mai lamba. Lambar ba ta faɗin sunan iri. Wata abokiyar karatuna ce ta riƙe takardar da ke nuna wace lamba ce ta wane iri, ba ta ba ni ba sai da na gama awo. Na yi haka ne domin na san irin da nake fata ya yi nasara, kuma hannun da ke jan maɓalli yana jin abin da zuciya ke so ko mai shi bai nufa ba. A bayan ganyen na shimfiɗa shuɗiyar takarda, saboda shuɗi ya yi nisa da kore da rawaya da ruwan ƙasa duka. Sannan kowane zubi sau biyu ake ɗauka, fuska da baya, tunda a bayan ne ake rarrabe tabon farin da na ƙarshen.

Da na dawo ɗaki, abu na farko shi ne in zuba hotunan a folda guda da na sa wa suna "asali", in kwafe ta a wani wuri dabam, in kuma hana kaina yin aiki a cikinta. Duk abin da zan yi, a kan kwafi nake yi.

Mataki na farko a cikin manhajar shi ne a gaya mata girman gaske. Ita fiksel kawai ta sani, ba ta san santimita ba. Sai ka ɗauki abin jan layi, ka ja daga wata alama a kan rula zuwa wata, a ce santimita 5, ka shiga Analyze ka zaɓi Set Scale, ka rubuta 5 da cm, ka kuma danna akwatin Global don ma'aunin ya bi duk hotunan da za ka buɗe. A nan lissafi yana taimakawa a gane ko an yi daidai. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, saboda haka ɗigo 300 a inci yana nufin kusan fiksel 118 a santimita, santimita 5 kuma kusan 591. Idan layinka ya ba da abin da ya yi nisa da haka, to ko layin ya karkace ko saitin sikanar ba shi ne wanda kake zato ba. Ban tsaya nan ba, na yanko takarda santimita 2 ta kowane gefe, na sa ta a gilashi tare da ganye. Faɗinta murabba'in santimita 4 ne, kuma duk ranar da zan fara aiki ita nake fara aunawa.

Daga nan sai raba launi, wanda shi ne zuciyar abin. Kowane fiksel a hoto mai launi lambobi uku ne, na ja da na kore da na shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Fari tas 255 ne sau uku, baƙi ƙirin 0 sau uku. Amma tunanin tabo da waɗannan lambobin yana da wuya, don haka akwai wata hanyar da ke fasalta launin yadda mutum ke ganinsa: wane launi ne, yaya kaurinsa, yaya haskensa. A ƙarƙashin Image, cikin Adjust, akwai Color Threshold, inda ake samun maɓallai da ake ja hagu da dama don kowane ɗaya daga ukun. A layin launi ja yana 0, rawaya wajen 43, kore 85, shuɗi 170. Kana jan maɓallin, duk fiksel ɗin da ya faɗa cikin iyakar da ka shata yana rinewa ja a gabanka, kana gani da idonka abin da manhajar za ta ƙirga.

Raba ganye da shuɗiyar takarda bai ɗauke ni lokaci ba, tazarar tana da faɗi. Na cire shuɗi, abin da ya rage ganye ne da rula da takardar lamba, su kuma na yanke gefensu tun farko. Sai umarnin Analyze Particles, mai ƙirga abubuwan da aka ware da auna faɗinsu, ya ba ni faɗin kowane ɗan ganye. Abu ɗaya da ya buƙaci shawara shi ne huda. Inda ƙwaro ya ci ya bar rami, ko inda tsohon tabo ya bushe ya faɗo, shuɗin baya ne ke leƙowa. Akwai akwatin da ke sa a ƙirga ramin cikin faɗin ganye. Na danna shi don in sami cikakken faɗin ganyen yadda yake kafin a ci shi, amma ramukan ban sa su cikin cuta ba, na ajiye su a shafi nasu, domin hoto ba zai gaya mini wanda ya yi ramin ba.

Raba tabo da lafiyayyen ganye shi ne ya zaunar da ni dare da dama. Tsakiyar tabo ba gardama, duhu ne. Tsakiyar lafiyayyen wuri ma ba gardama. Amma idan ka zuƙo hoton har fiksel ya zama ɗan murabba'i a gabanka, za ka ga babu wani layi tsakaninsu. Ruwan ƙasa yana shiga rawaya, rawaya tana shiga kore mai haske, shi kuma yana shiga kore sosai, a hankali a hankali. Duk inda ka tsayar da maɓallin, kai ka tsayar. Ka matsa shi kaɗan, kowane tabo ya ƙara kauri ta duk kewayensa, kuma a ganyen da ke da ƙananan tabo masu yawa wannan ɗan matsin yana sauya sakamako sosai. Misali, tabon da faɗinsa daga baki zuwa baki milimita 2 ne, idan ka ƙara masa rabin milimita ta kowane gefe ya zama 3, filin da ya ci ya ninka fiye da sau biyu. Ranar da na yi wannan lissafin a takarda na daina ganin lambar da ke fitowa a allon sakamako kamar wani hukunci da ya sauko daga injin.

Manhajar tana da hanyoyin shata iyaka da kanta, fitacciya cikinsu ita ce ta Otsu, wani masani ɗan Japan da ya wallafa ta a 1979. Tana duba yadda hasken hoto ya rarrabu, ta nemo wurin da ya fi dacewa a raba shi gida biyu. Na gwada ta, kuma a ganye mai cuta sosai ta yi kyau. Da na ba ta ganye lafiyayye sumul, sai ta raba shi gida biyu shi ma, ta kira wurin da korensa ya fi duhu tabo, tunda aikinta ke nan, ta raba. Banda haka kowane hoto iyakarsa daban take ba shi. Wannan kuwa kamar a auna hatsin wani da babban mudu, na wani da ƙarami, a ce a gwada wa ya fi noma. Ina buƙatar mudu ɗaya ga kowa.

Abin da na yi shi ne na ware wasu hotuna daga kowane mataki, mai tsabta da mai ɗan tabo da wanda ya cika, na zauna da Baba a gaban kwamfutar a ƙarƙashin bishiyar da ke bakin gonar. Ina jan maɓalli yana kallon jan da ke bazuwa. "Ya isa, ɗana, ka shiga lafiyayyen wuri." In dawo baya. "Ƙara kaɗan, ka bar bakin wancan." Muka yi ta yi har muka sami iyakar da ta zauna daidai a kan mafi yawansu. Na rubuta lambobin a littafina, na kai wa malamina ya gani ya amince, daga nan ban sake taɓa su ba har aikin ya ƙare. Na tarar ma cewa idan aka juya hoton zuwa tsarin launi na Lab, akwai sashe guda da ke auna tafiya daga kore zuwa ja kawai, kuma a cikinsa tabon ya fi fita fili, ba ruwansa sosai da ko ganyen mai duhu ne ko mai haske. A kansa na kafa iyakar mataccen wuri.

Zoben rawaya sai da muka yi muhawara a kansa. Wurin bai mutu ba, amma ba ya aiki kamar kore, kuma cutar ce ta jawo shi. To amma rawaya a ganyen gyaɗa tana da iyaye da yawa: tsufan ganye, ƙarancin sinadarin ƙarfe, ruwa da ya kwanta a kunya. Jijiyar tsakiyar ganye ma haskenta yana kusa da rawaya. Na ce wa malamina, "Ranka ya daɗe, in na haɗa rawaya da tabo, tsohon ganye zai fito kamar mai cuta. In na bar ta kuma, na rage wa cutar farin laifinta." Ya ce kada in haɗa kuma kada in zubar, in auna su daban, shafi biyu, mai karatu ya ga kowanne. Haka na yi. Babban sakamakona mataccen wuri ne, rawaya tana gefensa. Lissafin kansa mai sauƙi ne: faɗin tabo a raba da faɗin ganye a ninka da 100. Ganye mai murabba'in santimita 10 da tabonsa ya kai 1.2, kashi 12 cikin ɗari ke nan.

Akwai ’yan gyare-gyare da na yarda da su kafin awo, kuma duka na rubuta su a babi na uku na kundin digirina. Na sa matatar da ake kira Median a ƙaramin mataki, wadda ke share ɗigon ƙura ba tare da ta dusashe bakin tabo sosai ba. Na kuma gaya wa Analyze Particles kada ya ƙirga abin da bai kai wani ɗan girma ba. Inda nake son yawan tabo ba faɗinsu ba, na yi amfani da Watershed, wanda ke tsaga tabo biyu da suka manne, ko da yake idan tabo sun haɗe sun zama fage guda ba ya iya komai, a nan faɗi kawai nake ɗauka. Abin da ban taɓa ba shi ne maɓallin ƙara haske da kaifin bambanci. A ImageJ, idan hoto baƙi-da-fari ne, wannan maɓallin yana canza abin da ido ke gani ne kawai har sai ka danna Apply. Idan kuwa hoto mai launi ne, lambobin fiksel ɗin kansu yake sauyawa. Wanda bai san haka ba zai haska hoto don ya gani da kyau, ya yi awo a kansa, bai san ya riga ya motsa iyakar ba.

Hotuna sun taru da yawa, yin kowanne da hannu ba zai yiwu ba, kuma hannu yana gajiya ya fara sakaci. A ƙarƙashin Plugins akwai Macros, a ciki akwai Record. Ka kunna shi, ka yi aikinka sau ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, yana rubuta kowane mataki a matsayin umarni. Ka ajiye rubutun, ka shiga Process ka zaɓi Batch, ka nuna masa foldar da zai ɗauka da wadda zai zuba, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙa'ida guda. Ban taɓa koyon rubuta manhaja ba, amma umarnin a bayyane suke, mutum yana karantawa yana gane wanne ne ya yi me. Na ƙara layi guda da ke sa ya ajiye kwafin kowane hoto da zanen iyakar da ya shata a kansa. Idan wuta ta samu nakan haɗa kwamfutar in sake shi yana aiki, sakamakon ya fito a jadawali in buɗe a Excel.

Waɗannan kwafin masu zane duka na bi su da ido, ɗaya-ɗaya, kuma ban ga hanyar tsallake wannan ba. A nan na ga inda ganye ya naɗe a gefe inuwarsa ta shiga lissafin tabo. A nan kuma tsatsa ta bayyana, wata cutar dabam mai ƙananan ƙuraje ruwan lemo a bayan ganye, wadda manhajar ta haɗa da tabo ba tare da wata-wata ba. Baba kallo ɗaya yake yi mata ya kira sunanta. Hotunan da irin wannan ya shafa ban gyara musu iyaka don su yi daidai ba. Na sa musu alama, na kewaye wurin da ba tabo ba da hannu na fitar da shi, na rubuta lambar hoton da dalili a littafi. Sannan na ɗebi wasu hotuna ba tare da zaɓe ba, na zagaye kowane tabo da hannu, na gwada da abin da umarnin ya bayar. Sun yi kusa da juna yadda hankalina ya kwanta, sai a ganyen da ya tsufa ƙwarai, inda na hannun ya fi zama abin dogaro.

Da aka zo shirya hotunan da za su shiga kundin, sai wata jarabawar ta taso. Firinta tana dusashe launi, tabon da ke fili a kwamfuta yakan fito fari-fari a takarda. Wani abokina da ya iya Photoshop ya ce in kawo ya ɗan duhunta tabon kawai, ya kuma goge wata huda da ta ɓata kyan ganye ɗaya. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, kuma aikin minti biyu ne. Na ƙi, domin hoton da ke cikin kundi shaida ne, daidai yake da lambar da ke cikin jadawali. Ƙa'idar da mujallun kimiyya ke bi, wadda Mike Rossner da Kenneth Yamada suka shimfiɗa a mujallar Journal of Cell Biology a 2004, ita ce ana iya gyara haske idan an yi wa hoton gaba ɗaya kuma bai ɓoye komai ba, amma ba a ƙara wani sashe, ba a goge shi, ba a matsar da shi, ba a kuma fifita shi shi kaɗai. Ba ƙaramar magana ba ce. A 2016 Elisabeth Bik da abokan aikinta sun duba takardun bincike 20,621, suka sami hotuna masu matsala a kusan kashi 4 cikin ɗari. Abin da na yi shi ne na haska hotunan da za a buga duka da mataki ɗaya, mai juriya da marar juriya, na faɗi haka a ƙarƙashin hoton, na sa ɗan layin ma'auni na santimita 1 a kusurwa ta hanyar Scale Bar. Hudar tana nan a shafin yadda ƙwaro ya bar ta.

Ranar da abokiyar karatuna ta ba ni takardar lambobi na haɗa sunayen iri da sakamako, mafi yawa sun tafi tare da lambar ido, sai dai inda cutar ba ta yi yawa ba ido ya fi tsanantawa, kamar yadda aka sani. Amma wani iri guda ya ba ni mamaki. A gona kowa ya san ya sha kashi, a awon hoto na ƙarshen damina kuwa ya fito da dama-dama. Na koma gonar na tsuguna a kunyarsa, sai ga amsar a ƙasa: ganyen da cutar ta fi ci duk sun zube, waɗanda na tsinka na kai sikana su ne sababbin da suka rage a sama. Hoto yana auna ganyen da ya samu ne kawai. Ma'aunin 1 zuwa 9 kuwa tun asali ya haɗa da zubar ganye, shi ya sa bai ruɗu ba.

Dama tun farkon gwajin ina ƙirga gaɓoɓin babban karan kowace shuka mai alama, da waɗanda ganyensu ya faɗi, saboda Baba ya ce haka ake yi. Wannan ƙirgen na ɗauko na haɗa da na hoton: ganyen da ya zube a lissafa shi ya tafi gaba ɗaya, wanda ya rage a ɗauki kason da ImageJ ta bayar. Da aka yi haka irin nan ya koma inda ya dace, can ƙasan jeri. A kundin na bar shafuka huɗu a jadawalin, lambar ido, mataccen wuri, rawaya, da zubar ganye, na kuma liƙa rubutun umarnin da lambobin iyakar a ƙarshen kundin, na miƙa wa malamina filasha mai foldar asali don ɗalibin da zai maimaita gwajin a damina mai zuwa.